Makaranta a tsakar gida: me za a koyar, kuma da wane kuɗi?

Wannan makon za mu leƙa kudancin Sakkwato, wajen Kebbe da Tambuwal, amma maganar ta shafi duk uwar da ta taɓa wayar gari ta ga yara zaune a gida ranar Talata, kayan makaranta rataye a igiya, ba kuma hutu ake yi ba.

Mu ƙirga tare. A watan Maris na 2020 korona ta rufe makarantun ƙasar nan kaf, yara suka kwashe wajen wata 6 a gida. A farkon 2021, bayan sace ɗalibai mata a Jangebe ta jihar Zamfara, gwamnatin Sakkwato ta rufe wasu makarantun kwana da ke wajen birni. A watan Nuwamba na 2025, bayan abin da ya faru a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja, gwamnatin tarayya ta rufe makarantunta fiye da 40 na wani lokaci, kuma kwalejin 'yan mata ta tarayya da ke Tambuwal na cikinsu. Waɗannan su ne aka sanar a rediyo. Akwai kuma rufewar da ba a sanarwa: ranar da aka kwana da jita-jita daga daji, uwa a Kuchi ko Ungushi ko Margai ta ce yau ba mai fita, makon da damina ta cinye hanya, watan da aka kwashe yara zuwa roron wake. Ki haɗa waɗannan kwanaki, za ki gane dalilin da ya sa yaron da takarda ta ce yana aji 4 yake kallon littafin aji 2 kamar baƙo.

Tun da wuri in fayyace abu ɗaya. A Amurka akwai miliyoyin yaran da iyayensu suka cire su daga makaranta ɗungurungum suna koyar da su a gida, doka ta yarda, har kamfanoni na sayar da manhajar shekara guda cikin kwali. Wasunmu na ganin bidiyonsu a YouTube, ɗaki fes, littattafai jere a kanta, sai sha'awa ta kama su. Ba wannan nake nufi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yara firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, kuma ko ba doka, yaron da ba shi da suna a rajista yana shan wahala ranar neman takardar shaida. Sunan ɗanki ya zauna a rajista, duk ranar da hanya ta yi kyau ya tafi. Karatun gida shi ne zai riƙe shi tsakanin rufewa da buɗewa, ya kuma cike abin da malami ɗaya mai aji cike maƙil ba zai iya ba kowane yaro ba.

Gwaji kafin sayen littafi

Abin da yawancinmu ke yi idan hankali ya tashi shi ne a aika Tambuwal ko Sakkwato a sayo littattafan ajin yaro duka. Sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta fitar a 2025, wadda aka ce an rage mata nauyi, har yanzu tana ba ɗan aji 1 zuwa 3 darussa 9 zuwa 10. Uwa ɗaya mai goyo, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga tuwon dare, ina za ta kai darasi 10? Taura biyu ma ba ta taunuwa. A ganina abu uku ne kawai ya kamata su zama manhajar tsakar gida: karatu da rubutu, lissafi, da Alƙur'ani. Yaron da ya iya karatu zai kamo kimiyya da tarihi cikin sauri idan makaranta ta buɗe. Wanda bai iya ba, ko kin jibge masa littafi 10, hotuna kawai zai kalla.

Kafin ki kashe ko sisi, ki gwada shi. Ki rubuta haruffa 10 a warwatse a takarda, ba a jere ba, domin yara da yawa sun haddace waƙar a, b, c amma ba su san fuskar harafin ba. Idan ya gane su, ki ba shi kalmomi 5 masu sauƙi, kamar tuwo, rana, kaza, gida, ƙofa. Idan ya wuce nan, ki rubuta masa jimla 3 ko 4 a kan abin da ya sani. Idan ya karanta, ki ba shi ɗan labari, sannan ki tambaye shi me ya faru a ciki. Inda ya tsaya, nan ne ajinsa na gaskiya, daga nan za ki fara. Wannan dabara ba tawa ba ce. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ce ta shahara da ita, wato a kasa yara bisa abin da suka iya, ba bisa shekarunsu ba, kuma an yi aiki da ita a makarantun Borno da Kano.

Roƙona ɗaya a nan: idan 'yarki mai shekara 11 ta tsaya a matakin haruffa, kada ki yi salati ki tafa hannu a gaban ƙannenta. Ta san da matsalar tun kafin ki sani, shekaru ta yi tana ɓoye ta a bayan aji. Ki ce mata kawai gobe za ku fara, ke da ita, kafin sauran su tashi.

Sai batun harshe, inda gardama take. A 2022 gwamnati ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi ya ce an janye wannan, a koma Turanci. Su can su ƙarata. Ni dai a tsakar gida Hausa nake ba da shawarar a fara da ita, kuma dalilin a fili yake. Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Yaron da ya kama ba, be, bi, bo, bu, ya ƙara da ka, ke, ki, ko, ku, yau ɗin nan zai iya karanta baki, buka, babu, kaka, kuma ya san ma'anarsu, har ya yi dariya. Turanci kuwa harafi ɗaya na iya fita da murya 2 ko 3, ga shi yaron bai san abin da kalmar ke nufi ba, aiki biyu ke nan lokaci ɗaya. Ki kula da ɓ, ɗ, ƙ, da ts da sh da 'y, ki ba kowanne ranarsa, ki nuna masa bambancin baki da baƙi, da na dari da ɗari. Turancin ba jefar da shi za a yi ba, tunda da shi ake jarrabawa. A fara shi da baki, kalma 5 kullum, sunayen kayan gida da gaisuwa, har karatun Hausa ya zauna, sannan a shiga karanta shi. Ƙwarewar haɗa baƙi da wasali ba ta ɓacewa, tana bin yaro zuwa harshe na biyu.

Littafi kuma, mutanen Sakkwato kuna da sa'ar da wasu jihohi ba su da ita. Daga 2015 an gudanar da wani shiri a Sakkwato da Bauchi da tallafin hukumar USAID, wanda ya samar da jerin littattafan Mu Karanta na aji 1 zuwa 3, an tsara su harafi bayan harafi, gaɓa bayan gaɓa, da gajerun labarai. An raba su a makarantun gwamnati da yawa, an kuma horar da malamai a kansu. Kafin ki sayi wani abu, maigida ko ke ki je wurin hedimasta a nemi aro, ko a ɗauki hoton shafi 10 na gaba da waya. Malamin da ya ga uwa ta zo neman littafi, ba neman faɗa ba, da wuya ya hana. Idan ba a samu ba, tsohon Ka Koyi Karatu na Zariya da iyayenmu suka koya da shi har gobe yana aiki. Ga wanda ya fara gudu, Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi, guda ɗaya ya ishi gida 5 idan ana zagayawa da shi. Akwai kuma littafin da ba a saye: kaka ta yi tatsuniya da dare, da safe babban yaro ya rubuta ta, ƙanensa ya karanta. Bayan wata 3 kuna da littafinku na gida, kuma shi yara suka fi so, saboda sun san marubucin.

Wajen Alƙur'ani ba sai na koya wa matan Sakkwato ba, sai dai in ja hankali kan abu ɗaya da ke rikita ƙananan yara. Makarantar allo galibi da ruwayar Warshu take karantarwa, da rubutunta, Islamiyya kuma galibi da Hafsu. Duka biyun ingantattu ne, amma yaro ɗan shekara 6 da ake biya wa wannan da safe, wancan da yamma, ke kuma ki kunna masa wani ƙira'a a waya da dare, sai bakinsa ya rasa wanda zai kama. Ki tambayi malaminsa wace yake bi, ki tsaya a kanta a gida. Aikinki tilawa ne, ki saurari abin da aka biya masa jiya da shekaranjiya kina tankaɗe. Ƙarin sabon karatu a bar wa malam. Ga manya, babin tsarki da salla na Ahalari ko Ishmawi, kaɗan-kaɗan, ya wadatar.

Abin da Nana Asma'u ta bar mana

Duk lokacin da aka ce karatun gida wai abin Turawa ne, mamaki nake yi, musamman a ƙasar da ɗan Shehu, Muhammadu Buhari, ya zauna a Tambuwal. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fuskanci irin matsalarmu sak: mata a ƙauyuka masu nisa, hanya ba tabbas, ga aikin gida ba ya ƙarewa. Ba ta jira an gina aji ba. Ta zaɓi dattawan mata amintattu ta naɗa su jaji, ta ba kowacce malfa da jan rawani, su zo wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar a cikin gidaje. Su ne 'Yan Taru. Ki duba kuma yadda ta tsara manhajar: gajera, cikin harshen da matan ke ji, Hausa da Fulatanci, kuma cikin waƙa, don mace ta iya maimaitawa tana kaɗi ko tana daka. Har sunayen surori 114 ta jera cikin gajeruwar waƙa guda don a riƙe su.

Ki auna wannan da unguwarku. Gida 4 ko 5 da ke katanga ɗaya, ba za a rasa mace ɗaya da ta gama sakandare ba, wata ta fi kowa iya lissafi saboda sana'ar ƙuli-ƙuli, wata ta sauke Alƙur'ani. Ku raba aikin. Wadda ta ɗauki yara awa ɗaya, a ɗauke mata ɗiban ruwa ko surfen ranar, ko a auna mata gwangwanin gero daga kowane gida, kada a mayar da ita baiwar Allah ta kyauta har ta gaji ta bari. Yara kada su wuce 8 ko 10, kuma a cikin gida, ba a zaure mai kallon hanya ba, kun fi ni sanin dalili. Idan gidan na kishiyoyi ne, don Allah a haɗa yaran duka a tabarma ɗaya. Karatun da aka ware wa 'ya'yan ɗaki ɗaya ba ya kai wata biyu sai ya zama tashin hankali.

Ke kuma da ba ki yi boko ba, kada ki ce wannan ba naki ba ne. Ba sai kin iya karatu ba za ki gane yaro na in'ina ko yana gudu. Ki zauna, ki sa Yayansu ya koyar, ki hana wasa, ki ce a sake karanta miki. Mata da yawa a nan suka tsinci haruffan su ma.

Waya fa? Tana da amfani, amma kada ki ɗora manhajarki a kanta. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda tsaro, kuma ko ba a katse ba, caji da data kuɗi ne. Akwai dandalin Nigeria Learning Passport da gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta ne, yana da darussa har da na Hausa. Ranar da aka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi, a duba shi, a sauke ko a kwafi abin da ake buƙata na mako 2. Amma ki miƙa wa yaro waya ki shiga kicin, ki dawo ki tarar da shi a TikTok, wannan ba karatu ba ne.

Littafin cefane

Yanzu ga tambayar da na san tana ranki tun ɗazu: da wane kuɗi, da wane lokaci? Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023 kowa ta san yadda cefane ya koma. Amsata ita ce, darasin lissafi da tattalin gida abu ɗaya ne, a wuri ɗaya ake yin su.

Ki sami littafin rubutu guda, ki naɗa babban yaro ko babbar yarinya akawun gida. Duk abin da aka saya a rubuta: rana, abu, kuɗi. Magi na kaza, manja na kaza, niƙa, itace, sabulu, kuɗin kashewar makaranta, katin waya. Ranar Juma'a a tara. Yaron ya yi rubutu, ya yi tarawa, ya yi ɗebewa idan kin ce masa nawa aka bayar nawa ya rage, kuma lissafi ne mai nauyi, domin idan ya yi kuskure canji ne ya ɓace, ba jan biro ba. Ke kuma bayan mako 4 za ki ga inda tulun ke yoyo. Kusan kullum ba a hatsi yake ba. Yana cikin ƙulle-ƙullen nan na kullum, sukari na ƙulli, omo na ƙulli, mai na murfi, taliyar leda idan yaro ya yi kuka, da data. Abin da aka saya ƙulli-ƙulli sau 30 ya fi wanda aka saya sau ɗaya tsada, amma sai an gani a rubuce ake yarda, har maigida.

Ƙananan kuma ki ba su kwano da gwangwani. Gwangwanin madara nawa ke cika kwanonku? Su auna da hannunsu. Rabin kwano gwangwani nawa? Ga kashi-kashi ya shigo ba tare da kin ambaci sunansa ba. A ce gidanku na cin kwano 2 na dawa kullum, kwano nawa a kwana 30? A ce buhu na ɗaukar kwano 40, buhu nawa za ku ci daga kaka zuwa kaka? Yaron aji 5 da ya fitar da wannan amsa ya yi ninkawa da rabawa, ke kuma kin sami adadin da za ki ajiye gaban maigida tun hatsi na araha, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Na ƙirga kuwa, 'ya'yan tsamiya, ƙwallon dabino, marfin kwalba, tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma da zare don ya ga yadda 10 ke zama ɗauri ɗaya. Rubutu a fara a ƙasa da tsinke, sannan allo da gawayi, takarda sai hannu ya faɗa. Katin haruffa a yanka daga kwalin sabulu. Tsofaffin littattafan bara a ciro shafukan da ba a rubuta ba a ɗinke da allura. Wasu na baƙanta allon bango da garin batir, a daina, guba ne ga hannun da ke zuwa baki; gawayi da ɗan ƙaro ya isa.

Yaron da bai karya ba ba ya riƙe karatu, don haka kunun safe na cikin manhaja. Garin nan da ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown, awonsa mai sauƙi ne: gero ko dawa ko masara gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1. A jiƙa waken suya a cire ɓawon, a shanya ya bushe, a soya kowanne daban sama-sama har ya yi ƙamshi, a haɗa a niƙa. Ki sa yara su tsince gyaɗar, duk wadda ta yi baƙi ko fumfuna a zubar, kada a ce asara, tana cutar da hanta. Kada ki yi mai yawa lokaci ɗaya, man gyaɗar na sa shi wari idan ya daɗe. Na mako 2 a roba mai murfi ya isa. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai. Sannan ki jefa wa akawunki tambaya: idan gero gwangwani 12 ne, waken suya nawa, gyaɗa nawa?

Wake shi ne naman talaka, kuma shi ne ya fi saurin tashi bayan kaka, shi ne kuma ƙwari suka fi so. A shanya shi har sai ya yi ƙas a haƙori. A zuba a buhun PICS, mai leda 2 a ciki da buhu a waje, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Idan babu, jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba mata fetur ko maganin feshi ba, a cika ta har wuya, a sa leda a murfin a ɗaure tam. Kada a buɗe sai bayan kamar wata 2. Ba a buƙatar ko ƙwayar magani, kuma maganin ƙwari a cikin abincin yara ba abin wasa ba ne. Ki tambayi yara me ya kashe ƙwarin tunda ba a sa komai ba. Ki bar su su yi gardama har wani ya ce iska ce ta ƙare musu. Darasin kimiyyar ranar ke nan.

Haka kayan miya. Lokacin da tumatir da tattasai suka faɗi a rani, a yanka a shanya kauɗa a kan tabarma mai tsabta sama da ƙasa, ba a bakin hanya ba. Ku da ke maƙwabtaka da Aliero kun san yadda albasa ke zama kamar kyauta lokacin cira, ta koma zinariya da damina. Ita ma tana shanyuwa idan an yanka ta siriri. Kuɓewa, kuka, sure, rama, duk a tara. Zogale kuwa a inuwa ake shanya shi don kada rana ta cinye amfaninsa. Daddawar kalwa mai kyau da ɗan busasshen kifi na rage yawan magin da ake jefawa a tukunya. Ruwan wankin hatsi da na ɗauraya kada a watsar, a kai gindin zogale ko yakuwar da aka shuka a tsohon buhu.

Lokacin karatun kuma daga murhu za ki sato shi. Waken da aka jiƙa tun dare ya fi saurin nuna nesa ba kusa ba. Tukunya a rufe, itace busasshe, murhu a kare shi daga iska da ɗan ginin laka. Ga wata dabarar da ba a cika yi ba: wake ko shinkafa da wake su tafasa sosai kamar minti 15, ki sauke da murfinsa, ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ki cusa cikin kwando ko kwali, ki rufe. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar cikin awa 2 zuwa 3, ba hayaƙi, ba ƙonewa, ba tsaron wuta. Kada ki bar shi ya wuni a haka, kuma ki sake ɗora shi ya yi zafi sosai kafin a ci. Itacen ya ragu, kuma awar nan da da kina fifita wuta ita ce awar tabarma.

Awa ɗaya ɗin ma ta isa, ga ƙanana minti 30. Minti 20 karatu, 20 lissafi, sauran rubutu, tilawa kuma bayan asuba ko bayan magariba. Lokaci ɗaya kullum ya fi awa 4 ranar Asabar. Alhamis da Juma'a a huta kamar yadda makarantar allo ta saba. Bulala a ajiye ta, yaron da ke kallon hannunki ba ya kallon harafi.

Akwai maganar da ba na so in tsallake. Idan makaranta ta rufe, yaro namiji hutu yake samu, yarinya kuwa aiki take samu. Ita ce raino, ita ce wanke-wanke, ita ce tallan awara da ƙuli, har ranar da aka buɗe makaranta a ce ai ta girma, a bar ta kawai. Ta haka ake rasa 'yan mata, ba a rana ɗaya ba. Na san kuɗin tallan na cikin kuɗin miya, ba zan yi kamar ban sani ba. Amma awar karatu tata ce, a fitar da ita kafin a ɗora mata faranti, kuma shara da ɗiban ruwa da tsintar wake ba su da jinsi, 'yan'uwanta maza su ɗauki rabonsu. Maigida ma a ba shi nasa: idan ya dawo daga kasuwa ya faɗa wa akawu farashin gero da wake na ranar, ya duba jimlar Juma'a ya sa hannu. Uban da ya ga 'yarsa ta kama kuskuren naira 200 a lissafinsa ba ya saurin cewa karatunta ya isa.

Masu yara a aji 5 da 6, naku ya ɗan bambanta, domin jarrabawar shiga sakandare na gaba, ta jiha ko ta makarantun tarayya da hukumar NECO ke shiryawa, kuma da Turanci ake yin ta. A nan ne kawai zan ce a sayi littafi: na tsofaffin tambayoyin jarrabawar, guda ɗaya, gida 3 su haɗa kuɗi. Tambaya 10 kullum, yaro ya karanta da ƙarfi, ya faɗa miki da Hausa me ake tambayarsa kafin ya amsa, domin yawancin faɗuwa daga rashin gane tambayar take. A riƙa kuma tuntuɓar hedimasta kan lokacin rajista ko da makaranta na rufe, kada ranar ta wuce kuna gida.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun hoce da dambu da sauran abincin da ke kwana bai lalace ba, saboda masu yara a makarantar kwana da masu tafiya gona tun asuba.